Karaya Uku a Hannu Ɗaya

Malam Gwadabe ya shekara arba'in da 'yan kai yana ɗori a zaurensa da ke Ƙofar Marusa bai taɓa ganin ƙashin ɗan Adam da idonsa ba. Duk abin da ya sani na ƙashi a yatsunsa yake. Zai kama hannun da ya kumbura suntum, ya lumshe ido, ya bi shi sannu a hankali daga gwiwa zuwa wuyan hannu, sai ya ce karaya ce, ko tsagewa, ko kuwa targaɗe ne kawai, a je a yi ta gashi da ruwan zafi. Da zamani ya zo ana shigo masa da hoton asibiti, yakan ɗaga shi wajen hasken ƙofa ya ɗan duba don kada wanda ya kawo ya ji ba daɗi, sannan ya ajiye gefe ya sa hannu.

Wajen kakansa na wajen uwa ya gaji sana'ar. Ubansa marini ne, ya rasu Gwadabe na da shekara tara, uwar ta tattara ta koma gidansu da shi. Kakan tsoho ne mai zafin rai, bai taɓa zaunar da shi ya ce ga yadda ake yi ba. Danne majinyaci kawai yake sa shi, da fere kara, da yaga tsumma, har yatsun suka koyi abin da baki bai faɗa ba. Abu ɗaya tsohon ya yi ta nanata masa: maɗori ƙashi ne aikinsa, ba alƙalanci ba, kada ya kuskura ya tambayi mutum garin yaya ya karye. Yana da shekara ashirin da biyu tsohon ya cika. Ana zaman makoki aka shigo da wani magini da ya faɗo daga kan soro, aka duba ba kowa sai shi, ya tashi ya wanke hannu ya ɗora. Ƙafar ta kama, maginin ya koma hawa gini, daga nan zauren ya zama nasa.

Ya auri Saudatu, suka haifi bakwai, huɗu suka rayu, ba wanda ya bi sana'ar. Mazan biyu, ɗaya kurkura yake tuƙawa a cikin gari, wato babur mai ƙafa uku, ɗaya yana gadi a Kaduna, matan kuma suna ɗakunansu. Shekarun da babura suka cika gari su ne ya fi shan aiki, wata rana kafin azahar ya ɗora mutum biyar. Maza a zaure, mata a cikin gida a rumfar Saudatu, ita ke riƙe su tana ba su baki yayin da shi yake ja. Dogo ne, siriri, marar yawan magana, kullum rigarsa na ƙanshin man kaɗe.

Cikin matan da aka taɓa kawo masa akwai Rashida, matar wani Sagir mai shagon kayan gyaran babur. Sau biyu aka kawo ta cikin shekara biyu, duka hannun hagu, duka a tsakiyar sangali. Karon farko Sagir ya ce santsin banɗaki ne ya kwashe ta, karo na biyu ya ce daga babur ta faɗo. Shi ke ba da labarin a zaure tun ba a tambaye shi ba. Ita kuwa a cikin gida kanta a sunkuye, ko da ake jan hannun ba ta yi ƙara ba, leɓenta kawai ta cije. Bayan sun tafi Saudatu ta gaya masa ta ga shatar wani abu a bayan yarinyar sa'ad da mayafinta ya zame, kuma wannan ba aikin babur ba ne. Ya ce ta kama bakinta, ba huruminsu ba ne. Hannun ya warke sumul, har ya ji daɗin aikinsa.

A daminar shekarar da ya cika sittin da biyar aka yi ruwan kwana biyu ba ƙaƙƙautawa. Bayan unguwar, gindin ɗan abin da ya rage na tsohuwar ganuwa, wani ɗan kwangila ya fara haƙar magudanar ruwa ya bar ramin a buɗe. Ruwa ya ci gefen ramin, ƙasa ta zaftare, da gari ya waye masu wucewa suka ga ƙasusuwa sun leƙo daga jikin gaɓar, har da ƙoƙon kai. Kafin hantsi wurin ya cika maƙil. Wasu na cewa aikin matsafa ne, wasu na cewa mutanen da aka sace ne aka kashe aka binne a ɓoye. Wata tsohuwa da ɗanta ya ɓace a hanyar daji shekara uku da suka wuce ta zo tana ta kutsawa, ita dai sai ta gani. 'Yan sanda suka zagaye wurin da igiya.

Gwadabe ba mai zuwa kallo ba ne, amma wannan karon ya zura takalmi ya fita. Wani ƙashi ya gangaro har wajen igiyar, ya duƙa ya ɗauka. Ƙashin cinya ne, nan take ya gane shi, kamar mutumin da ka daɗe kana jin muryarsa ta bayan katanga yau ka ga fuskarsa. Ba nauyi, kamar busasshen kara, kuma ya rine ya koma launin ƙasar da ya fito ciki. Ya gaya wa mai unguwa, wanda ke tsaye kusa da shi, cewa a lallashi tsohuwar nan ta tafi gida, mai wannan ƙashin ya riga kakan kakansu mutuwa. Ya ƙara shafawa, ya ce kuma ya taɓa karyewa a nan, ba a ɗora ba, ya haɗe a karkace, mai shi da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa.

Kwana biyu bayan haka wata mata ta yi sallama a ƙofar zaurensa tare da mai unguwa. Dakta Muhsina sunanta, 'yar Ƙofar Sauri, tana koyarwa a wata jami'a, kuma abin da ta karanta ke nan, duba ƙasusuwan mutanen da don a san yadda suka rayu, me suka ci, wace wahala suka sha, me ya kashe su. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali da aiki da yadda aka ji da ruwa, sannan ta ce an gaya mata abin da ya faɗa game da ƙashin cinyar, ta duba ta ga haka ne. Ɗan kwangila ya ba ta kwana goma sha biyu kafin ya dawo da katafila. Ita ta san karaya a littafi da a busasshen ƙashi, shi kuwa ya san ta a jikin mai rai, tun daga ranar da ta auku har ranar da za a kwance kara. Tana so ya zo ya zauna kusa da ita.

Bai amsa ba sai da ya je wajen liman. Liman ya ce mamaci na da alfarma kamar mai rai, amma tunda ruwa ya riga ya tone su, gara a kwashe su da mutunci da a bar katafila ta niƙe su, da sharaɗin in an gama a mayar da su ƙasa. Saudatu ba ta so ba. Ta ce ta san mutanen unguwar nan, hannun da ya taɓa matattu ba za su so ya taɓa 'ya'yansu ba. Ya ce duka-duka kwana nawa ne.

Aka kafa rumfar tamfol a kan ramin. Muhsina da ma'aikata biyu daga gidan tarihi suna kankare ƙasa da cokalin magina da buroshin fenti, suna tankaɗe ta a rariya, kowane ƙashi sai an ɗauki hotonsa an auna an rubuta kafin a ɗaga. Gwadabe yana zaune kan buhu a gefe, ana miƙo masa. Kwanakin farko ya ji wani irin daɗi da ya ji kunyar gaya wa kowa. Ga gaɓar gwiwar hannu da ya sha mayarwa a makance, ashe haka take, ashe ga 'yar ƙugiyar da ke hana ta komawa in ta goce. Yakan daɗe yana juya ƙashi ɗaya a hannu har sai an ce ya miƙo.

Daɗin bai je ko'ina ba. Ba kaburbura ba ne, rami ne guda. Ba itace, ba tukwane, ba wanda aka fuskantar da shi gabas, an zuba su ne wani kan wani, wasu ruf da ciki. Mutum goma sha uku suka ƙirga. Muhsina ta nuna masa yadda faɗin ƙugu ke bambanta mace da namiji, tara mata ne, biyu yara, biyu ba a iya ganewa. Ta nuna masa wasu siraran layuka a jikin haƙora, ta ce kowane layi lokaci ne da yaro ya sha yunwa ko ciwo har haƙorin ya tsaya da girma, akwai yaron da ke da huɗu. Ƙasusuwan wuyan matan duk sun cinye, sun goge kamar bakin tsohon turmi, alamar dakon kaya mai nauyi a ka tun ƙuruciya. Biyu kuma ƙasan ƙwaurinsu ya yi kauri ya yi kaushi daidai inda mari, ƙarfen ɗaure ƙafa, ke zama. Ta ce mai yiwuwa bayi ne masu ɗaukar ƙasar gyaran ganuwa, annoba ko yunwa ta kwashe su lokaci guda, amma ba za ta rantse ba, ƙashi ba ya faɗin labari duka. Gwadabe ya ɗaga kai ya dubi guntun ganuwar. Tun yana yaro yake jin sunayen ƙofofinta da na waɗanda suka sa aka gina ta, bai taɓa jin an ambaci wanda ya ɗauko ƙasar ba.

Rana ta biyar aka kai ga wadda Muhsina ta sa wa lamba bakwai, mace ce da ba ta wuce talatin ba. Aka miƙo masa sangalin hannunta na hagu, siririn da ke ɓangaren ƙaramin yatsa. Ya lumshe ido ya bi shi kamar yadda ya saba. Karaya uku ya samu, kusa da juna. Ta farko ta tsufa, ta shafe sai ɗan tudu. Ta biyu ta biyo bayanta da shekara ɗaya ko biyu. Ta uku ɗanya ce, ƙashin ya fara kamawa ke nan, bai fi kwana ashirin ba mai shi ta mutu. Muhsina tana ta rubutawa da sauri, don wannan ƙidayar kwanakin ce ta sa ta nemo shi. Ya ƙara da cewa duka ukun an ɗora su, kuma wanda ya ɗora ya san aiki, a dubi yadda suka miƙe, ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Da ɗan alfahari ya faɗa, kamar ya gamu da ɗan gidansu a baƙon gari.

Muhsina ta ajiye biro.

"Baba, in mutum ya faɗi, ina yakan karye?"

"Wuyan hannu," in ji shi. "Tafi yake kai wa ƙasa."

"To in wani ya ɗago sanda zai sauke maka a ka fa, mi za ka yi?"

Hannunsa na hagu ne ya ɗaga da kansa ya tare goshi. Ta miƙa ƙotar buroshi ta taɓa tsakiyar sangalinsa, daidai inda ukun suke a ƙashin matar.

"Nan," ta ce. "Sau uku ana dukanta tana karewa. Kowane karo a gyara ta a maida ta inda ta fito."

Ba sabon abu ta gaya masa ba, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Yatsunsa sun san bambancin tun da daɗewa, shi ne bai taɓa bari maganar ta hau bakinsa ba. Ya miƙa mata ƙashin da hannu biyu, ya ce zai je ya yi alwala, ya fita daga ramin, ranar bai dawo ba.

A gida aka ajiye masa abincin rana bai buɗe ba. Ya zauna a rumfar Saudatu, ya tambaye ta shatar da ta gani a bayan Rashida yaya take. Ta ce kamar ta wayar wuta, kuma ba ɗaya ba ce, ai ta gaya masa tun a lokacin. Bai musa ba. Abin da ke yi masa yawo a ka shi ne wancan maɗorin na da, mai hannu mai kyau, wanda ya zauna kamar yadda shi yake zama, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure, ya sallame ta.

Washegari ya tafi kasuwar hatsi wajen Alhaji Isiyaku, mahaifin Rashida. Sun san juna sama-sama. Bayan doguwar gaisuwa ya nemi su keɓe bayan buhuna, ya faɗa masa abin da ya sani, karayar ɗiyarsa ba ta faɗuwa ba ce, duka biyun. Alhaji Isiyaku ya yi ta murza ƙwayar gero a tafinsa. Can ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun karon farko. Gwadabe ya ce laifinsa ne. Alhajin ya yi godiya, ya ce zai bincika.

Ya bincika kuwa, irin binciken da aka saba. Aka tara manya a zaurensa, aka kira Sagir da Rashida aka zaunar da su a tabarma ɗaya. Sagir ya rantse, har da hawaye. Aka juya ga Rashida a gaban mijinta aka ce ta faɗi gaskiya, ta ce faɗuwa ta yi. Aka yi musu nasiha, aka shafa addu'a, ta bi shi suka koma. A wurin ne Sagir ya ji sunan wanda ya kai maganar.

Ba a yi kwana uku ba wani hoto ya fara yawo a wayoyin unguwa, Gwadabe a cikin rami, riƙe da ƙoƙon kai, ido a lumshe. Wani cikin 'yan kallo ne ya ɗauka tun kwanakin farko. Tare da hoton akwai murya, ba suna, tana cewa a yi hattara, ƙashin matattu yake dakawa yana zubawa a man da yake shafa wa mutane, shi ya sa ɗorinsa ke saurin kamawa. Saudatu ta ji muryar a wayar maƙwabciyarta, ta ce ko a barci ta ji ta za ta gane ta Sagir ce. Wani mutum da aka ɗora wa ɗansa mako guda kafin nan ya kwance karan da hannunsa ya wanke ƙafar da sabulu. A masallaci wasu suka koma gaishe shi da baki, hannu a aljihu. Liman ya yi magana bayan sallar la'asar ya wanke shi, mai unguwa ma haka, sai maganar ta ƙara nisa, ta kai kunnen waɗanda da ba su ji ba. Muhsina ta zo ƙofar masallaci ta yi wa dattawa bayani, ta nuna musu takardar da aka rubuta kowane ƙashi a ciki, ba wanda ya ɓace. Suka saurare ta da ladabi, suka sa mata albarka, ba abin da ya canza.

Ya ci gaba da zuwa ramin har ranar ƙarshe, tunda zauren ba kowa. Rana ta goma sha uku katafila ta dawo. Muhsina ta roƙi ƙarin mako ɗaya, don ta ga alamar akwai wasu a ƙasa. Ɗan kwangila ya ce damina ba ta jira, gidajen masu rai ke rushewa, kuma a nan bai yi ƙarya ba. Aka zuba kankare. Mutum goma sha ukun aka sa su a kwalaye, kowa da lambarsa, aka tafi da su ɗakin ajiya a makarantarta, da alkawarin in an gama awo za a dawo da su a binne.

Wata biyar bayan haka hannun Rashida ya sake karyewa. Wannan karon Sagir bai kawo ta Ƙofar Marusa ba, bai kuma kai ta asibiti ba, inda za a yi tambaya. Wani ƙauye ya kai ta wajen wani da bai gaji ɗori ba, ya ɗaure hannun tamau. Ta yi ta kukan yatsunta sun mutu, aka ce haka ɗori yake. Sai kwana tara aka kwance, hannun ya yi baƙi yana wari. A asibiti aka yanke shi ƙasa da gwiwa kaɗan. Ranar Alhaji Isiyaku ya je da kansa ya karɓo takardar sakinta.

Saudatu ce ta kawo labarin daga gidan suna. Gwadabe ya ce da ya yi shiru, da nan za a kawo ta, da yanzu tana da hannunta. Saudatu ta ce da an kawo ta na uku, da an kawo ta na huɗu, wata rana kuma ba hannun zai samu ba, kan zai samu. Ya ce haka ne. Amma tunanin bai sake shi ba, yakan bi shi har ƙarshe ya sake farowa, yana zaune a zaure shi kaɗai yana kallon hanya.

Sai da ta yi mako biyu da sallamowa ya iya zuwa dubiya, shi da Saudatu. Tana zaune a ɗakin mahaifiyarta, ta rame, mayafi ya rufe ɓangaren hagu. Ta gaishe shi da ladabi kamar da. Ya yi mata sannu, ya fara neman gafara, maganar tana sarƙe masa. Ta bari ya gama.

"Baba, ban riƙe ka da komi ba," ta ce. "Abu guda dai. Ranar da ka ɗora ni na biyu, shi yana zaure, daga ni sai kai sai Inna Saudatu. Na yi ta jira ka tambaye ni. Da ka tashi magana kuma sai ka tafi kasuwa wajen Alhaji."

"Da kin faɗa mani?"

"A ranar, da na faɗa."

Mahaifiyarta ta kawo ruwa, suka kurɓa, suka yi sallama.

Mutanen gari ba su dawo ba, sai ɗaiɗaiku, su ma a fakaice. Waɗanda suka riƙe shi Fulanin bayan gari ne, da ba ruwansu da abin da ke yawo a waya. Sukan kawo maraƙi ko tunkiyar da ta karye, wani lokaci mutum, su bar masa nono ko kaza. Wanda ya ɗora malamai da manyan 'yan kasuwa ya koma durƙusawa kan ƙafar akuya a ƙofar gida, kuma da irin kulawar da ya saba yake yi.

Shekara biyu ba labarin ƙasusuwan. Liman ya tambaye shi sau biyu ina alkawari, ya ce shi ma jira yake. Sai ga Muhsina wata ranar Laraba, ta zauna a zaure da labari biyu. Ɗan guntun ƙashin da ta aika awo ƙasar waje ya dawo, mutanen sun mutu kimanin shekara ɗari uku da suka wuce. Na biyun da ƙyar ta faɗe shi. Rufin ɗakin ajiyar ya yi yoyo lokacin da makaranta ta daɗe a rufe, ba wanda ya leƙa, kwalayen suka jiƙe suka ruɓe, gara ta cinye takardun lambar, masu shara suka tattara komai suka zuba a buhu uku. Mutanen sun sake cakuɗewa fiye da yadda aka same su. Tana da hotuna, amma wasu ƙasusuwan sun farfashe. Ta ce ta zo cika alkawari, sai dai ba ta so a binne su a buhu kamar shara.

Kwana huɗu suka yi a wani ɗaki a gidan mai unguwa. Aka shimfiɗa farin yadi goma sha uku a ƙasa. Ita tana duba hoto, shi yana gwada gaɓa da gaɓa, yana jin wadda ta zauna cikin 'yar'uwarta da wadda ta ƙi. Manyan sun rabu ba wuya. Ƙananan, na yatsu da na haƙarƙari, da yawa ba a san na wane ne ba, aka raba su bisa zato. Hannun mai lamba bakwai a buhu na uku ya same shi, ya rabu gida biyu daidai kan ɗanyar karayar. Ya haɗa, ya yagi gefen yadi ya naɗe. Muhsina ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Aka binne su da hantsi a gefen maƙabarta, wajen katanga. An ɗan yi gardama kan ko za a yi musu salla, tunda ba wanda ya san addininsu. Liman ya yanke cewa a fuskantar da su gabas, kowa ya yi addu'arsa a zuci, Allah ya san nasa. Mutum shida ne a wurin har da masu haƙa. Muhsina ta jira a mota a bakin ƙofar maƙabartar har suka fito.

Bara, ana gab da azumi, Gwadabe ya tashi zai yi alwalar azahar buta ta suɓuce masa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke hannun dama da rabin magana. Yana nan da rai, da safe ake fito da shi zaure a jingine shi da bango. Fulanin sun zo sau biyu suka ga halin da yake ciki, suka yi masa sannu suka daina zuwa. Rubutun da Muhsina ta yi a kan mutanen ramin ya fito da Turanci, da sunansa a ciki, ta kawo masa, Saudatu ta sa a leda ta tura ƙarƙashin katifa.

Rashida tana gidan mahaifinta, tana koyar da yara mata a wata Islamiyya, ba ta sake aure ba. Sagir ya sake aure, shagonsa ma ya ƙara girma. Saudatu ta taɓa ganin sabuwar matar sau ɗaya a gidan biki, yarinya mai fara'a, tana ta kai da kawo da kwanukan abinci. Ta daɗe tana bin ta da kallo, har wata ta tambaye ta ko ta san ta ne. Ta ce a'a. Da ta dawo gida Malam ya yi mata alama da ka yana tambayar yadda aka yi biki, ta ce lafiya lau aka watse, ta shige ciki ta ɗora masa ruwan wanka.